Turancin Da Na Kai Jimeta

Tun ranar da na sauka a Kilomita Biyar, unguwarmu a nan Bangui, ban huta ba. In na buɗe shago, Ɗanlami mai canji ya leƙo: "Isiyaku, yaya Najeriya?" In na fito daga Masallacin Koudoukou ran Juma'a, kafin in gano takalmina wani ya riƙe mini hannun riga: "Bature, ka ga 'yar taka? Kun sha Turanci?" Har matar maƙwabcina a Yakité, wadda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ta tare ni a bakin famfo tana son jin labari. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ne. To ga shi nan zan faɗa sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, ni da shi ne.

Waɗanda muka tashi tare sun sani, amma saboda baƙi bari in koma baya kaɗan. Lokacin tashin hankalin nan da ya watsa unguwarmu, matata Rakiya ta bi iyayenta suka fita a motar kaya, da 'yarmu goye a bayanta. Ni na tsaya, saboda mahaifiyata ba ta iya tafiya, kuma ta rantse ba za a ɗora ta a kan buhuna ba. Su suka zauna sansanin 'yan gudun hijira a Kamaru, daga baya aka kwashi Rakiya da yarinyar zuwa Amurka. Aure bai jure nisan ba. Ta nemi takardarta, na ba ta, ta yi wani auren a can. Ban riƙe ta a zuciya ba, Allah ya sani. Mahaifiyata kuma ta rasu bara waccan. Abin da ya rage mini a duniya yarinyar nan ce, ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe.

Matsalar ita ce baki. Ta tafi tana gwaranci da Sango, yaren ƙasarmu, ta girma babu Sango, babu Faransanci, Hausa kuwa sai tsinci-tsinci. Da, in na kira, uwarta ke mana tafinta. Daga baya mijin ya fara nuna ba ya son doguwar hira, ni ma na fahimta, sai Rakiya ta riƙa miƙa mata waya ta bar mu. Na sayi littafi na koyi Turanci, wanda ake cewa yaya kike, yaya makaranta, yaya sanyi. Ta ce lafiya, lafiya, lafiya. Sai mu yi ta kallon juna a gilashin waya, har ta ce za ta je ta yi aikin gida. Wata rana Rakiya ta gaya mini, tana dariya, wai yarinyar ta ce babanta yana magana kamar na'urar da ke amsa waya a banki. Ita dariya ta yi. Ni ranar ban ci abinci ba.

A nan Malam Sabi'u ya shigo. Mutumin Funtuwa ne, tsohon malamin makaranta, talauci ya koro shi Bangui yana sayar da kayan gyaran waya a rumfa kusa da shagona a Titin Koudoukou. Shi ba ya jin Sango, masu babur suna cutarsa kullum. Muka yi musaya: ni in koya masa Sangon kasuwa, shi ya koya mini Turancin da mutane ke yi da bakinsu. Ya ce mini, "Isiyaku, Turancinka ba shi da gishiri. Kai in kana Hausa, haka kake yi babu karin magana, babu zolaya? To su ma suna da nasu."

Kai, na ga abin mamaki! Wai in abu mai sauƙi ne, sai su ce yankan kek ne. In ruwa ya tsuge, karnuka da kyanwoyi ke zubowa. In mutum zai shiga jarrabawa, maimakon Allah ya ba da sa'a, sai a ce masa ya karya ƙafa. Na ce, "Malam, 'yata zan ce wa ta karya ƙafa? Allah ya kiyaye!" Ya yi dariya har ya zubar da shayi. Amma na koya. Ina auna wa mutane batir da fitila ina maimaitawa, har Ɗanlami ya ce aljanu sun taɓa ni. Akwai guda ɗaya da na ajiye ban taɓa gwadawa a waya ba, wadda ake gaya wa wanda aka fi so duk duniya, wai shi ne tuffar ido. Na ce wannan sai ido da ido.

Sai ga Rakiya ta kira: za ta kawo yarinyar Jimeta ta ga kakanninta, don can surukina Alhaji Mamuda ya zauna bayan sun bar sansani. Hutu gajere ne, in ina so in gan ta in zo. In ina so! Na rufe shago, na sayi busasshen ganyen koko, wanda muke miya da shi, da bandar kifin kogin Ubangi saboda surukata, na san ta yi marmari. Na ɗinka sabuwar shadda. Malam Sabi'u ya raka ni tasha, yana yi mini jarrabawa har muka isa.

Gaban wata babbar motar kaya na samu, direban Mahamat ne, Bacade, mutum mai yawan addu'a da yawan zagi, duka biyun da Larabci. Tun daga Kilomita Goma Sha Biyu, mafitar gari, aka fara: sai an jira ayari ya cika, sai an jira masu rakiya da bindigogi. Mun yini a rana ba mu motsa ba. Da muka tashi kuma, ku kun san hanyar nan, shinge bayan shinge. Kowane shinge a sauka, a nuna takarda, a dubi sunanka a dubi hularka, a tambaye ka kai ɗan ina ne, alhali a asibitin garin nan aka yanke maka cibi. Ban yi musu da kowa ba. Mai zuwa ganin 'yarsa ba ya tsayawa cacar baki.

Bayan Yaloké motar ta yi wani irin ƙugi ta tsaya. Mahamat ya shiga ƙarƙashi, ya fito baƙi ƙirin, ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an kawo daga Bangui. Ayari ya wuce ya bar mu. Na ce, "Mahamat, yaushe?" Ya ce, "In Allah ya so." Na ce, "Na san da Allah, kai nake tambaya." Ya zage ni da Larabci, na rama da Sango, muka zauna gindin mangwaro muna harara.

Kwanakin da muka yi a ƙauyen nan su suka cuce ni. Mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Wata tsohuwa ta riƙa kawo mana gozo mai zafi, tuwon rogonmu na gida, amma miyar da naman daji, wanda ba mu san wa ya yanka ba, ko ma mene ne. Muka riƙa cin gozo da gishiri da barkono. Babu layin waya sai ka hau wani tudu. Kullum in hau in kira Rakiya, ta ce, "Isiyaku, kwanaki fa suna tafiya." Kamar ni na riƙe su. In na sauko sai in zauna ina bitar Turanci ga awaki. Ran nan hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na ce wa Mahamat da Turanci karnuka da kyanwoyi suna zubowa, na fassara masa. Ya dube ni ya ce, "Don wannan ka rufe shago?"

A Bouar muka kwana a zauren wani limami a unguwar Hausawa, tabarma da sauro, amma an ba mu ruwan wanka mai ɗumi da kunun gyaɗa, Allah ya saka masa. Washegari muka kai iyakar Kamaru. A nan katin rigakafina ya zama abin magana, wai hatimin ya goge. Ruwan ƙauyen nan ne ya jiƙa shi a aljihu. Aka sa ni a benci tun hantsi har la'asar, sannan aka sake yi mini allurar da na riga na yi. Hannuna ya kumbura, amma na haye.

Garoua-Boulaï kuwa, wallahi da na san abin da zan tarar da na rufe fuska da rawani. Rabin tsohuwar unguwarmu tana can. Ina sauka aka fara: "Isiyaku! Isiyaku mai batir!" Wannan ya ja ni, wancan ya ja ni. Wane yana nan? Ya rasu. Wance fa? Ta koma Chadi. Gidana yana tsaye? Nan ne na fara ƙarya. Baba Audu tela, wanda ya ɗinka mini kayan angwanci, ya makance, yana zaune ƙofar wani ɗaki na langa-langa. Ya shafa fuskata ya ce, "Ka gaya mini gaskiya, bishiyar goba ta tsakar gidana tana 'ya'ya?" Gidan ma babu shi, wani ya yi garejin babura a wurin. Na ce masa tana yi, har yara na sata. Ya yi murmushi, ni kuwa na nemi hanyar tasha.

Motocin Kamaru dai a yaba musu: tikiti da lambar kujera, kowa da wurinsa, ba a ɗora maka akuya a cinya. A motar Ngaoundéré na zauna kusa da wata mata mai jiki, ma'aikaciyar jinya, Madam Grace, daga yankinsu na masu Turanci. Da na ji ta amsa waya da Turanci sai na ce yau ga ranar gwaji. Na gaishe ta, ta amsa. Na ce tafiyar nan ba yankan kek ba ce. Ta juyo ta dube ni sosai, ta fashe da dariya, ta ce ina na samo wannan? Na ba ta labari tun daga farko. Na zazzage mata duk abin da Malam Sabi'u ya ɗura mini, tana gyara wasu, wasu kuma ta ce tun zamanin kakarta aka daina faɗa, yarinyar Amurka ba za ta ma san su ba. Wata da watanni ina haddar kayan da suka tsufa!

Da ta ga fuskata ta canza sai ta koma Faransanci, don in ji da kyau. Ta ce, "Mesiye, ba ka bukatar duk wannan. In ka gan ta, ka kira sunanta, ka rungume ta. Shi ke nan."

Na ce, "Madam, ba a yi."

Ta ce, "Ba a yin me?"

Sai na yi mata bayani, yadda zan yi wa duk wanda ba namu ba. Mu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban manya, ba ka nuna ka damu da shi. Ba ƙi ba ne, kara ce. Ni mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Isiyaku ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron", kuma na san zai iya shiga wuta saboda ni. Ga shi kuma yarinyar sunan mahaifiyata aka sa mata. Ni in buɗe baki in faɗi sunan uwata? Tana ƙarama Uwata nake ce mata, a can kuwa ba wanda ya san wannan, da sunan yanka ake kiranta.

Madam Grace ta ce, "Ita ta san da wannan al'ada?"

Na ce, "Jininmu ce, za ta gane."

Ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Muka rabu a tasha, ni kuma a raina na ce, Kirista ce, me ta sani.

Daga Ngaoundéré zuwa Garoua zafi ya fara gasa mu, kifin da ke jakata ya fara sanar da kansa, har wani Bafulatani ya nemi a canza masa kujera. Daga Garoua ƙaramar mota, daga ƙaramar mota babur, daga babur kwalekwale, muka haye kogi zuwa Gurin, ɓangaren Najeriya. A ofishin iyaka na gyara tsayuwa na gaida jami'in da Turanci, har da 'yar kwalliya. Ya ɗago ya ce da Hausa tsantsa, "Malam, lafiya? Yi mini Hausa, rana ta yi." Na yi masa Hausa. Ya ce, "Wannan kuma Hausar ina ce?" Ashe ina ta cusa kalmomin Sango ban sani ba. Wato Turancina bai yi ba, Hausata ma ba ta yi ba. Ya buga hatimi yana girgiza kai.

Jimeta gari ne, jama'a. Keke mai ƙafa uku kamar fari, kiran salla ta ko'ina, mata suna tuƙa mota da hijabi, ba wanda ya tsayar da ni ya tambayi takarda saboda hulata. Abu ɗaya ya ba ni kunya. Muna cikin keke, salansar wata mota ta buga, tau! Kafin in san abin da nake yi na riga na kwanta a ƙasan keken, hannu a ka. Mai keken ya taka birki, fasinjoji suka yi ta dariya. Wata mata ta ce, "Bawan Allah, daga ina?" Na ce daga Bangui. Ba ta san inda yake ba.

Na isa gidan Alhaji Mamuda bayan azahar, ranar jajibirin tafiyarsu. Washegari da safe za su kama hanyar filin jirgi. Duk hutun ya ƙare ina gindin mangwaro da benci. Amma na ce ba komai, yini guda ma yini ne, bakina cike yake.

Na yi sallama, na tuɓe takalmi tun daga waje. Falon cike da dattawa, don Alhaji ya aika wa duk mutanen Bangui da ke garin cewa surukinsa na tafe. Aure ya mutu, amma surukuta ba ta mutuwa in akwai ɗa a tsakani. Na durƙusa na gaishe shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka tambayi hanya, aka tambayi unguwa, aka yi wa mahaifiyata addu'a. Ni dai kunnena yana cikin gida. Can Alhaji ya ɗaga murya: "Rakiya! A turo yarinyar nan ta gaida ubanta."

Na ji takun gudu. Labule ya buɗe.

Jama'a, mahaifiyata ce ta shigo tana budurwa. Tsayin, goshin, har yadda take ɗan karkatar da kai. Ta sa atamfa, ɗankwalin yana zamewa don ba ta iya ɗauri ba. Ta tsaya tsakiyar falo ta buɗe hannuwa biyu, tana dariya, hawaye na zuba, ta ce da wata Hausa mai rawa, wadda ka ji ka san an yi kwana da kwanaki ana haddarta: "Baba, sannu da zuwa. Na yi kewarka."

Dattawa suka ce, "A'a! Masha Allahu! Ta iya, ta iya!"

Ni fa? Ina durƙushe gefen tabarma, surukina yana gabana, abokansa sun kewaye ni. Duk abin da na haddace ya taso, tuffar idon nan tana kan harshena. Ƙafafuna suna so su tashi. Amma wuyana ya sunkuya da kansa, kamar yadda na ga na mahaifina yana yi, kamar yadda na kowa a ɗakin nan zai yi. Na dubi tabarma na ce, "To, madalla." Sannan na juya wajen Alhaji na ce, "Baƙin sun zo lafiya?"

Wani tsoho ya ce, "Ka ji ɗan mutunci. Isiyaku akwai kunya, ba irin 'yan zamani ba." Alhaji ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Ta gefen ido na ga hannuwanta suna sauka a hankali. Ta tsaya kaɗan, ba ta san inda za ta sa kanta ba, sai kakanta ya nuna mata kujera a can gefe. Ta zauna tana kallona, ni ina kallon tabarma.

Kada wani ya ce mini da ka yi kaza. Kai Ɗanlami, a gaban surukinka za ka tashi ka rungumi 'yarka ta fari? Ƙarya kake! A raina na ce bari dattawa su watse, in samu ko bakin ƙofa ne, in ja ta gefe, mu yi hirarmu. Ai na zo da kaya.

Dattawa ba su watse ba. Baƙon da ya zo daga Bangui ba a barinsa shi kaɗai, rashin mutunci ne. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, yarinyar ta koma ciki don mata ba sa ci da maza. Aka yi la'asar. Surukata ta aiko a gode mini da koko da kifi, wai ta yi kuka da ta ji ƙanshin. Sai Alhaji ya ce in tashi mu je in gaida wane da ba shi da lafiya, daga can mu yi wa wance ta'aziyya, ai ba za a ji na zo ban je ba. Ina iya cewa a'a? Muka yi ta zaga gari a motarsa har aka yi isha. Da muka dawo an rufe ƙofar cikin gida, aka kai ni ɗakin baƙi a waje. Cikin gida kuwa ba wurina ba ne, matar wani ce a ciki.

Da safe mota ta zo. Aka fito da akwatuna. Rakiya ta fito, muka gaisa daga nesa, ta yi ƙiba, ta yi fari. Yarinyar ta fito a bayanta, ta cire atamfa ta sa wando da rigar sanyi, jaka a kafaɗa. Ba ta dube ni ba. Alhaji yana tsaye, dattawan jiya biyu sun dawo rakiya, maƙwabta sun fito. Na matsa kusa da motar. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sani, tun ina yaro nake jin wannan. Na tattara ƙarfina na ce mata da Turanci ta sauka lafiya, ta kula da kanta. Ya fito daidai, yadda Malam Sabi'u ya koya mini, ba kuskure ko ɗaya.

Sai a lokacin ta dube ni. Ta juya wajen uwarta ta yi magana da Turanci, da sauri, irin saurin da suke yi in sun ɗauka ba mai ji. Ta ce, "Ashe yana iya magana. Ya yi wannan doguwar tafiya, bai taɓa ni ba, bai dube ni ba, bai kira sunana ko sau ɗaya ba. Mama, ya ma san sunan nawa kuwa?"

Rakiya ta ce, "Al'ada ce, na gaya miki, kunya ce..."

Ta ce, "Kunyata yake ji? To ya huta."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan, ni na raɗa wa liman shi da kaina ranar suna. Na dubi Alhaji, Alhaji yana dubana yana murmushi, shi bai ji abin da aka ce ba. Kafin in haɗiye yawu ta shiga mota ta ja ƙofa. Aka shafa fatiha. Motar ta tashi, kowa yana ɗaga hannu, ni ma na ɗaga.

Dawowa ba abin da zan ba ku labari. Hanyar ce dai, shingayen ne dai. Mota ba ta lalace ba ko sau ɗaya, kun ji abin haushi, yanzu da ba inda nake sauri. Na ratsa Garoua-Boulaï ban tsaya gaida kowa ba. Na iso Kilomita Biyar da la'asar, masu babur suna ta gaishe ni da Sango, "bara ala, patron", na shige shago na zauna a kan kwalin batir. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna, wannan kam ba zan yi butulci ba.

Ran Lahadin da ta wuce na kira. Na yi niyya, na yi alwala ma, na ce yau ko sama za ta faɗo sai na faɗi sunan nan, ba suruki, ba dattijo, ni da waya ne kawai. Rakiya ta ɗauka. Na ce ta ba ni yarinyar. Na ji ta ɗan janye wayar daga bakinta ta kira ta. Daga can cikin ɗaki na ji muryarta, ras, da Turanci: "Ki ce masa ba na nan."

Rakiya ta dawo kan waya ta ce da Hausa, "Wayyo Isiyaku, yanzun nan ta fita."

Na ce, "To, ba komai. A gaishe ta."

Da bara ne, kafin in koyi Turancin Malam Sabi'u, da na yarda ta fita.